Ɓatan Jirgin Sama A Hamada: Abin Da Fim Ya Nuna Da Abin Da Ya Sami Jirgin Kano A 1952

Daga cikin finafinan kasada da Amurkawa suka yi a zamanin da gidajen sinima irin su Rex da Palace da Plaza suke cika maƙil a Kano, akwai wani mai suna The Flight of the Phoenix, wanda aka fara nunawa a watan Disamba na 1965. Babu labarin soyayya a cikinsa irin na finafinan Indiya, babu sukuwa da harbe-harbe irin na kaboyi. Maza ne goma sha huɗu jirginsu ya faɗi a tsakiyar hamadar Libiya, mai kallo kuwa zai yi fiye da sa'a biyu yana duban yadda rana take ƙona su, ruwansu yana raguwa, suna gardama a kan wanda za a bi maganarsa. Fim ɗin bai mayar da kuɗin da aka kashe masa ba a lokacin da ya fito, amma daga baya ya shiga sahun waɗanda ake ambata duk sa'ad da ake zancen finafinan jiragen sama.

Labarin ya shafi mutanen ƙasar nan fiye da yadda za a zata. Shekara 13 kafin a yi fim ɗin, wani jirgin fasinja na gaske ya tashi daga Tarabulus ya nufo Kano, gari ya waye masa a cikin rairayin Muritaniya. Wanda ya jera labaran biyu zai ga inda masu fim suka faɗi gaskiya, ya kuma ga inda suka bar ta.

An ɗauko fim ɗin daga littafin da wani marubucin Ingila, Elleston Trevor, ya wallafa a 1964, Robert Aldrich kuma shi ya shirya shi. Jirgin na wani kamfanin haƙar mai ne, tsoho, mai inji biyu, irin wanda ake kira C-82, yana ɗauke da kaya da ma'aikata zuwa Bangazi. Guguwar rairayi ta tare shi, ta kashe injunan, ta kuma ture shi nesa da hanyar da masu nema za su bi. Rediyonsa ba ya aiki. Mutum biyu suka mutu nan take, na uku ya ji mummunan rauni. Abincin da suka samu a cikin kayan jirgin shi ne dabino, ruwa kuwa na 'yan kwanaki ne, ko da an auna wa kowa ɗan kaɗan.

Matuƙin jirgin, Frank Towns, dattijo ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a sararin sama, mutum mai dogara ga hannunsa da kunnensa. James Stewart ne ya fito a wannan matsayi, kuma ya dace da shi, domin shi kansa ya tuƙa jiragen kai farmaki a Yaƙin Duniya Na Biyu, har ya kai muƙamin birgediya a rundunar ko-ta-kwana ta mayaƙan saman Amurka. Mai lissafa masa hanya, Lew Moran, wanda Richard Attenborough ya fito a madadinsa, mutumin kirki ne da giya ta ci ƙarfinsa. Na ukunsu wani Bajamushe ne mai tabarau, Heinrich Dorfmann, watau Hardy Krüger, wanda ya zo hamada ziyarar ɗan'uwansa kurum. Shi ne ya zagaya tarkacen jirgin da ma'auni da takarda, sa'an nan ya zo da maganar da kowa ya ɗauka ta hauka ce: jirgin yana da jela biyu, kowace da injinta a gaba, saboda haka ana iya yanke ɗaya, a ciro fiffiken ɗaya ɓangaren a liƙa mata, a sami sabon jirgi mai inji ɗaya, mutane su kwanta a kan fukafukai a tashi da su.

Daga nan har ƙarshe, zuciyar fim ɗin ita ce takaddamar mutanen nan biyu. Towns yana ganin shi ne shugaba, tun da a wuyansa alhakin rayukan yake, kuma ba ya son wani yaro mai alƙalami ya koya masa abin da jirgi zai iya. Dorfmann kuwa lissafinsa daidai ne, amma ba shi da ladabi ko na anini, ba shi da tausayi. Ya fito fili ya ce mai raunin nan ba zai kai ranar tashi ba, don haka bai sa nauyinsa a lissafi ba. Da aka gane ana shan ruwa a ɓoye, ya amsa cewa shi ne, hujjarsa kuwa ita ce ya fi kowa aiki kuma in ya faɗi kowa ya faɗi. Abin haushin shi ne hujjar tana da ƙamshin gaskiya. Moran ne yake kai da kawo tsakaninsu, yana lallashin wannan, yana roƙon wancan, kuma duk ma'aikacin da ya taɓa zama tsakanin tsohon shugaban ofis da sabon mai digirin da aka turo masa zai gane wahalar Moran ba sai an yi masa bayani ba.

Wurin da ya fi kowane daɗi a fim ɗin shi ne inda asirin Dorfmann ya tonu. Aiki ya kusa ƙarewa sai Towns da Moran suka gane cewa mutumin da suka miƙa wa rayukansu bai taɓa zana jirgin da ɗan Adam ya shiga ba. Ƙananan jiragen kwaikwayo yake zanawa, irin waɗanda masu sha'awa suke saya suna tayarwa a fili. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya bayyana musu cewa dokar iska ɗaya ce ga babba da ƙarami, har ma ƙaramin ya fi bukatar daidaito tun da ba shi da matuƙin da zai gyara masa kuskure. Moran ya fashe da dariyar da ba ta da maraba da kuka. Suka ɓoye wa sauran wannan labari, aka ci gaba da aiki.

Masu fim ɗin sun yi adalci, ba su bar wa Bajamushen nasara duka ba. Irin wannan inji da harsashi ake tayar da shi, harsasan kuwa bakwai suka rage. Huɗu suka tafi a banza. Towns ya yanke shawarar ƙona na biyar don ya share dattin da ya toshe injin kurum, Dorfmann yana ihu yana hana shi, domin a lissafi wannan asarar harsashi ce. Na shida ya tayar da injin. Mutum bakwai suka tsira daga cikin goma sha huɗu. Sunan da suka sa wa jirgin, Finiks, na wata tsuntsuwa ce a tatsuniyoyin Girkawa, wadda ake cewa tana ƙonewa ƙurmus sa'an nan ta sake tashi daga tokarta.

Ba a Libiya aka ɗauki hoton ba. An yi shi a rairayin da ke kusa da garin Yuma, kan iyakar jihohin Arizona da Kalifoniya. Aldrich ya so a ga jirgin yana tashi da gaske, sai aka ƙera wani mai kama da shi, aka ba wani gwanin matuƙin sinima, Paul Mantz, mai shekara 61. Ran 8 ga watan Yuli, 1965, yana shawagi dab da ƙasa a gaban na'urar ɗaukar hoto, sai ƙasan jirgin ya bugi wani ɗan tudu, jirgin ya karye biyu. Mantz ya mutu nan take, abokin tafiyarsa Bobby Rose ya tsira da karaya. Da wani jirgi dabam aka ƙarasa ɗaukar hoton, aka kuma rubuta sunan Mantz a ƙarshen fim ɗin don tunawa da shi. An sake yin fim ɗin a 2004, aka mayar da labarin hamadar Gobi ta Mongoliya, amma bai kama ƙafar na farko ba.

To, ga labarin jirgin Kano.

Kano ta daɗe tana zaman mashigar jiragen sama a wannan yanki. Ran 1 ga watan Nuwamba, 1925, jirage uku na mayaƙan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a birnin. A lokacin Yaƙin Duniya Na Biyu dubban jiragen yaƙi sun bi ta Kano da Maiduguri daga Takoradi zuwa Hartum da Alƙahira. A watan Agusta na 1950 kamfanin jiragen Ingila, BOAC, ya sa wani sabon jirgi mai inji huɗu, Hermes, a hanyar Landan zuwa Akra, yana yada zango a Tarabulus da Kano da Ikko. Tsakanin Tarabulus da Kano akwai kusan mil 1,500, mafi yawansu hamada ce tsantsa, babu fitilar gari, babu kogi, babu hanyar jirgin ƙasa da matuƙi zai leƙa ya gane inda yake. A wancan zamani kamfas da taurari da rediyo su ne idon jirgi.

A daren 25 ga watan Mayu, 1952, wani Hermes da aka sa wa suna Horus ya tashi daga Tarabulus da mutum 18, fasinja goma da ma'aikata takwas. Domin mai karatu ya fahimci abin da ya biyo baya, tilas a ɗan yi bayanin kamfas. Allurarsa ba ainihin Arewa take nunawa ba. Tana karkata ne zuwa inda maganaɗisun duniya ya ja ta, wannan karkata kuwa tana sauyawa daga wuri zuwa wuri. Babban kamfas na jirgin yana da wani maɓalli da mai lissafin hanya zai murɗa ya gaya wa na'urar yawan karkatar, ita kuma ta gyara. A wannan dare digiri 6 ya kamata a sa. Aka sa 60.

Ɗan hakin da aka raina ke nan. Masu tuƙi suna da wata ƙa'ida mai sauƙi, cewa kuskuren digiri ɗaya yana kauce da jirgi mil ɗaya a cikin kowane mil 60 da ya yi. A nan kuskuren digiri 54 ne. Ɗan makarantar da ya ɗauki takarda da ma'aunin kusurwa zai ga cewa in jirgi ya yi tafiyar mil 1,000 a kan wannan kuskure, tsakaninsa da inda ya kamata ya kasance ya wuce mil 900. Horus yana tsammanin ya nufi kudu, alhali kuwa kudu maso yamma ya miƙa, yana ratsa Sahara a karkace.

Abin da ya fi ban takaici shi ne an sami gargaɗi. Akwai wani ƙaramin kamfas na biyu a gaban matuƙa, marar ƙawa, wanda babu maɓallin da za a murɗa masa, kuma tun cikin dare aka ga bai yarda da babban ba. Aka auna taurari don a raba gardama, awon ya zo da kuskure, sai aka yanke hukunci cewa ƙaramin ne ya lalace. Watau an gaskata na'ura mai tsada, an ƙaryata mai araha, alhali mai arahar ce take faɗin gaskiya. Sa'o'i suka wuce kafin a lura da lambar da ke kan maɓallin, a lokacin kuwa man da ya rage ba zai kai su Kano ba. Binciken da aka yi daga baya ya ɗora laifi a kan mai lissafin hanya saboda saitin da ya yi, ya kuma ɗora a kan kyaftin saboda rashin ɗaukar mataki da wuri. A cikin fim, mai ilmin littafi da mai gogewa kowa yana gyara wa ɗan'uwansa kuskure, ko da yake ba sa ga maciji da juna. A cikin Horus babu wanda ya yi gardamar da ta isa.

Da safiyar 26 ga wata mai ya ƙare, aka kwantar da jirgin a kan rairayi kimanin mil 70 kudu da garin Atar na Muritaniya, fiye da mil 1,000 yamma da hanyarsa. Duka mutum 18 suka fito da rai. Ba su ƙera wani jirgi ba, ba su kuwa bukaci haka ba, domin rediyonsu ya yi aiki tun suna sama, tasoshin ƙasa sun san jirgi ya ɓata, sun kuma san yankin da za a duba. Faransawa, waɗanda suke mulkin Muritaniya a lokacin, suka gano su. Duk da haka fita daga wurin bai zo da sauƙi ba. Sun yi kwanaki a cikin zafin watan Mayu kafin, da taimakon sojojin Faransa da mazauna hamadar, su kai wani dausayi mai ruwa. A can mataimakin matuƙi, Ted Haslam, wanda ya bugu a ka lokacin saukar, ya cika. Shi kaɗai aka rasa.

A cikin fim ɗin akwai wani hafsan sojan Ingila, Kyaftin Harris, wanda ya ce shi ba zai zauna jiran mutuwa ba, ya ɗauki ruwa ya kama tafiya a ƙasa. Ya komo da rarrafe, abokin tafiyarsa ya mutu, wani kuma da ya bi sawunsu ya mutu. Wannan tambaya ta a zauna ko a tafi ita ce ta farko ga duk wanda hamada ta riƙe. Mutumin Kakangi da ya ɓata a dajin Birnin Gwari yana da inuwar itace, in ya bi gangare yana sa ran ya tarar da rafi, rafin kuma ya kai shi ga mutane. A Sahara babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, jiki yana zubar da ruwa ko mutum yana kwance, tafiyar rana kuwa tana ninka zubarwar. Saboda haka ake koya wa matuƙa su zauna kusa da jirginsu, tun da tarkacen jirgi ya fi mutum saurin ganuwa daga sama.

Amma tarihi ya nuna zaman ma ba ya isa shi kaɗai. A watan Afrilu na 1933 wani matuƙi, Bill Lancaster, yana neman ya karya tarihin gudu daga Ingila zuwa Afirka ta Kudu a cikin ɗan ƙaramin jirgi, ya tashi daga Reggane a Aljeriya ya nufi Gao, injinsa ya mutu. Ya bi ƙa'ida sau da ƙafa. Ya zauna a inuwar fiffike, yana auna ruwansa, yana rubuta abin da yake ciki kowace rana, har kwana takwas. Masu nema ba su duba inda yake ba. Sai a watan Fabrairu na 1962 wasu sojojin Faransa masu sintiri suka tarar da gawarsa da littafinsa a ɗaure a jikin jirgin, bayan shekara 29.

Waɗanda suka tafi kuma ba su fi shi sa'a ba. A watan Afrilu na 1943 wani jirgin yaƙin Amurka mai suna Lady Be Good, yana komowa daga farmaki a Italiya cikin dare, ya wuce sansaninsa na kusa da Bangazi bai sani ba, ya nutsa kimanin mil 400 cikin hamadar Libiya. Mutanensa tara suka diro da laima. Takwas suka haɗu suka nufi arewa, suna zaton teku tana kusa, da ruwan da bai cika gora ɗaya ba. Sun yi tafiyar fiye da mil 70 kafin ƙarfin yawancinsu ya ƙare, wasu ma suka ƙara gaba. A teku aka neme su. Masu neman man fetur ne suka hango jirgin a 1958, aka tsinci gawawwakin a 1960. Da aka shiga cikin jirgin, wanda ya sauka da kansa ba nisa sosai kudu da inda suka diro, sai aka tarar da ruwa a ciki, rediyonsa kuma yana aiki.

Abin da ya raba mutanen Horus da waɗannan shi ne wani a waje ya san inda suke. Marubucin fim ɗin ya fahimci haka sarai, shi ya sa tun farko ya kashe rediyon, ya kuma sa guguwa ta kauce da jirgin, don kada ya bar wa mutanensa wata ƙofa sai ta ƙera jirgi. Dabara ce ta mai ba da labari, kuma ta yi kyau a allo.

Inda fim ɗin ya yi rashin adalci shi ne wajen mutanen hamada. Su kaɗai ne 'yan ƙasa da suka bayyana a cikinsa da rai da jiki: wani ayarin masu raƙuma ya sauka a bayan tudu, Kyaftin Harris da likitan da ke cikin fasinja suka je neman taimako, da safe aka tarar an yanka su. Ba a ce babu 'yan fashi a Sahara ba, akwai su tun zamanin azalai har zuwa yau. Amma a labaran gaske sau da yawa mai raƙumi shi ne mai ceto. Marubucin nan na Faransa, Antoine de Saint-Exupéry, wanda jirginsa ya faɗi a hamadar da ke yamma da Kogin Nilu a ƙarshen Disamba na 1935, shi da makanikensa sun kai gaɓar mutuwa don ƙishirwa sa'ad da wani Balaraben ƙauye a kan raƙumi ya tsince su ya shayar da su. Mutanen Horus ma mazauna wurin suna cikin waɗanda suka fitar da su. Mai kallo daga wannan ɓangare na duniya yana da hakkin ya lura cewa a fim ɗin an mai da hamada wurin da babu kowa sai Bature da injinsa da maƙiyinsa, alhali Buzaye da Tubawa da Larabawa da fataken Hausa sun yi ɗaruruwan shekaru suna ratsa ta da sanin rijiyoyi da taurari.

Irin ɓatan da Horus ya yi da wuya ya sake faruwa. Jiragen yau suna sanin inda suke ta hanyar taurarin ɗan Adam, suna kuma ɗauke da na'urar da take aika kiran neman agaji da kanta in jirgi ya faɗi, tsarin da ya fara ceton rayuka tun 1982. Kujerar mai lissafin hanya ma an daɗe da cire ta daga jiragen fasinja.

Waɗanda hamada take riƙewa yanzu a mota suke, kuma yawancinsu babu rediyo, babu takardar da aka rubuta sunayensu, babu tashar da take jiran isowarsu. A watan Oktoba na 2013 wasu matafiya da suka tashi daga Arlit a arewacin Nijar za su Aljeriya, motocinsu biyu suka lalace a hanya. Suka watsu a ƙasa ƙungiya-ƙungiya suna neman rijiya. Da masu agaji suka isa, gawa 92 suka tattara: yara 52, mata 33, maza 7, wasu ba su fi tafiyar yini ɗaya da iyakar Aljeriya ba. Mafi yawansu mutanen yankin Kance ne a jihar Damagaram, 'yan mil kaɗan daga Daura. Gwamnatin Nijar ta yi zaman makoki na kwana uku.